Tambayoyi da amsoshi kan tada injin MG ɗin Baffa bayan shekara 29 a ajiye

Assalamu alaikum. Tun ranar da aka ji ƙarar tsohuwar motar Baffa, MG, a layinmu na Jahun a Bauchi ban huta da tambaya ba, a majalisa, a ƙofar masallaci bayan la'asar, har a waya daga Gombe da Azare. Ashe mutane da yawa suna da irin wannan tsohuwar mota a gida an lulluɓe da tamfol, Fijo ce ko Datsun ko Bitil, suna son tada ta amma basu san ta ina ake kamawa ba. Shi yasa nace bari in tara tambayoyin wuri ɗaya in amsa iya abinda hannuna ya taɓa. Ni ma'aikaci ne, Asabar da Lahadi nake aikin, wata 14 cur a rumfar gida, tare da wani dattijo tsohon makanike da ya yi zamani da Morris da Land Rover, Baba muke ce masa.

Malam, wai wace irin mota ce? Yara sun ce ta China ce.

Sunanta MGB, ƙirar 1969, mai kujera biyu wadda ake naɗe rufinta. A garin Abingdon na Ingila aka ƙera ta, sun yi ta ƙera irinta daga 1962 har aka rufe masana'antar a 1980, sama da guda 500,000, yawanci Amurka aka kai su. Yaran ma basu yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin sunan MG yanzu yana hannun kamfanin SAIC na China, amma waɗancan sababbin ba abinda ya haɗa su da wannan sai bajo. Injinta mai silinda 4 ne, 1798 cc, kafireto biyu ƙirar SU, ƙarfin doki wajen 95. Ba kwamfuta ba sensa, duk abinda ya lalace ido zai gani hannu zai taɓa, kuma wannan ne ya bani ƙwarin gwiwa tun farko.

Ya akayi ta zauna haka?

Baffa, Allah ya jiƙansa, ya saye ta ne hannun wani Bature malamin makaranta da zai koma gida. A 1994 yana dawowa daga Gombe ta yi zafi wajen Alƙaleri, aka jawo ta gida aka tura rumfa da niyyar a gyara bayan Sallah, toh ka san yadda rayuwa take, shekara ta bi shekara. Sai 2023 muka ɗaga tamfol ɗin.

Yaya, mu ma Babanmu ya rasu ya bar tasa. In fara aiki?

Tsaya tukuna ƙanina. Motar nan ta magada ce, ko da ba wanda ya kalle ta shekara 20. Ranar da ta tashi tana ƙyalli kowa zai tuna yana da kaso, kuma yana da shi ɗin. Ni sai da muka zauna da 'ya'yan Baffa da Inna, aka yi mata kuɗi a yadda take, na biya, aka rubuta da shaidu, sannan na kwance noti na farko. Zumunci ya fi mota wlh.

Me zai hana kawai in sa batir, in zuba mai, in buga kika in ji ko zata tashi?

Don Allah kar kayi. In akwai abu ɗaya da nake so ka ɗauka a duk rubutun nan to wannan ne. Zaman da inji ya yi bai cika kashe shi ba, wannan minti ɗayan na farko shi ke kashe shi. Shekara da shekaru duk bakin man da ke jikin metal (ƙarfen da karanshaf ke juyawa a kansa) da kamshaf da bangon silinda ya tsiyaye ya koma ƙasa, wanda ke ƙasan kuma ya zama kamar kwalta, ringi sun manne a jikin fistin, ga tsatsa a bango. Kana buga kika ƙarfe zai gogi ƙarfe a bushe, ringi ya karye ya tsaga bango, ko wani bawul da ya maƙale ya lanƙwasa sandar da ke tura shi. Injin da zai iya tashi da ɗan ƙaramin gyara sai ka mayar da shi mai neman borin, wato a faɗaɗa ramin silinda da inji.

Ga kuma abinda ke cikin tanki. Fetur in ya daɗe yana komawa wani jan abu mai danƙo da wari kamar fenti, in fam ya jawo shi zuwa kafireto da bawul yana manne su kamar gam. Mu da muka buɗe gidan iska mun tarar da gidan zanzaro har guda uku, ɓera kuma ya tara tsumma da ɓawon gyaɗa a salansa ya ci wayoyin bayan dashbod. Ka duba, da mun haɗa batir a kan wayar da ɓera ya feɗe, ga tsohon mai a tanki, ga ɗakin girki taku goma daga wajen, Allah dai ya kiyaye.

Abinda za kayi shine ka cire fulogi huɗun, ka zuba bakin mai kamar cokali biyu a kowane rami, ka bar shi kwana biyu uku, sannan ka sa sufana a babban notin fulin gaba ka gwada juyawa da hannu a hankali. A MGB notin nan inci 1 da 5/16 ne.

Nawa ya cije, ko motsi baya yi. Shikenan ya mutu?

A'a. Namu ma a cije muka same shi. Man giya na otomatik muka gauraya da kananzir muka cika silinda, kullum da safe kafin in tafi aiki in ɗan taɓa sufana gaba da baya, ba da ƙarfi ba. Akwai masu sa giya ta 4 su riƙa jijjiga motar, shi ma yana yi in a hankali ne. Abinda ban yarda da shi ba shine a ɗaure ta da igiya a ja da wata mota a saki kuloci, nan take kwanrod ke lanƙwashewa. Mu kwana 17 bai motsa ba, sai Baba yace ɗana a daina wahala, ruwa ne ya kwana a ciki, a cire tof, wato kan injin da ya rufe silinda. Da muka cire kuwa silinda ta 3 jawur take da tsatsa, gasket ya ƙone tsakanin 2 da 3 tun ranar Alƙaleri, ruwan lagireto ya sauka ya zauna kan fistin. Sai da muka sauke injin muka kwance kwanrod ta ƙasa, muka ɗora guntun katako kan fistin muna bugawa kaɗan kaɗan, ya fita.

In ya juya fa, dole sai an sauke?

Ba dole ba. Ka canza bakin mai da filta, ka bar fulogi a cire, ka juya da kika har allurar mai ta ɗaga, sannan ka auna kwamfireshan. Lafiyayyen irin wannan inji yana bada wajen 150 psi ko sama, amma abin dubawa shine huɗun su yi kusa da juna, kar bambanci ya wuce kashi 10 cikin 100. In ɗaya ta yi ƙasa ka zuba mata ɗan mai ka sake aunawa, in ta ɗaga ringi ne, in bata ɗaga ba bawul ne ko gasket. Amma gaskiya motar da ta haura shekara 20, kuma ka san da ciwo aka ajiye ta, ni shawarata a sauke, ko don robobi da sil da duk sun bushe.

Wane kayan aiki zan tanada?

Nan ne mutane ke fara ɓarna. Motar Ingila ta wancan zamani notinta na inci ne, 7/16, 1/2, 9/16, ba 10 da 12 da 14 na motocin Japan ba. Sufana 13 zata shiga notin 1/2 amma da ɗan sako-sako, kana dannawa ta cinye kan notin. Ka nemi na inci, tsofaffin masu gyaran Land Rover suna da su, ana kuma samu a wajen masu gwanjon kayan aiki. Sai sufana mai awon ɗauri, wannan ba a yi sai da ita, sai fila geji, abin matse ringi, abin matse sifirin ɗin bawul, cenbulok na haya, da littafin gyara na Haynes na MGB. Sai robobin yogot da leda da maka, duk abinda ka cire ka sa a roba ka rubuta, ka ɗauki hoto da waya kafin ka cire da bayan ka cire. Bawul takwas ka huda kwali ka jera su 1 zuwa 8, haka sandunan turawa, kowane ya koma raminsa.

Ana iya sauke inji a tsakar gida kuwa?

An iya, mun yi. Injin ya haura kilo 150, saboda haka kar ka rataya cenbulok a azarar rumfa ko reshen darbejiya, mu bututun ƙarfe uku mai walda ya haɗa mana kamar murhu. A MGB ya fi sauƙi a fito da inji da giyabos a haɗe, a karkata gaban sama. Kuma ina roƙonka kar ka shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, ko kan bulon siminti, bulo yana fashewa ba sallama. A sa ƙafafun ƙarfe ko kututture mai kauri, a kori yara daga wajen. Ƙurar tsohon kuloci da birki ma kar a hura ta da baki ko da iska, na wancan zamani akwai asbestos a ciki mai illa ga huhu, a jiƙa tsumma a goge.

Me da me ba a iya yi a gida?

Abu huɗu muka kai wa masu injin gyaran ƙarfe: borin silinda, gurandin karanshaf, daidaita fuskar tof, da zaman bawul. Faɗin silinda na asali milimita 80.26 ne, namu tsatsa ta ci rami a ta 3 har farce yana maƙalewa, aka buɗe duka huɗun zuwa 020, wato ƙarin inci 0.020. Karanshaf aka rage shi da inci 0.010, sai metal ma ya zama 010.

Ga inda na yi asara, kuma ina faɗa ne don kar wani ya maimaita. Na yi odar fistin da ringi standad tun kafin a auna, don ina ɗokin kaya su iso, da aka auna ashe sai an buɗe, kuɗin suka tafi a banza na sake jiran wata biyu. Tsarin shine a auna tukuna, mai borin ya faɗa maka girman da zai wanke ramin, ka sayo fistin, ka kai masa fistin ɗin a hannu ya yi borin daidai da su. Kar ka yarda ayi borin da ka.

Tof ɗin kuma a duba tsagewa da kyau. Na MGB silinda ta 2 da ta 3 ramin hayaƙi ɗaya suke rabawa a tsakiya, wajen yana ɗaukar zafi fiye da ko'ina, nan yake tsagewa. Namu Allah ya taimaka bai tsage ba, ya ɗan bauɗe ne kawai aka share. Tunda an riga an kai, na sa aka dasa wa bawul ɗin hayaƙi mazauni mai tauri, saboda an ƙera injin ne lokacin fetur mai dalma, dalmar ce ke kare mazaunin, yanzu kuma babu ita a mai.

Kayan fa, a ina ka samo? Akwai a Muda Lawal?

Ƙananan abubuwa irin fanbel, tiyo, kilif, fulogi da batir duk a nan Bauchi na samu. Na aika Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, an samo min kwayil da kwantak da suka yi daidai, amma fistin da metal da gasket sai Ingila. Abin mamaki kayan MGB sun fi na wasu motocin shekarun 1990 sauƙin samu a can, akwai kamfanoni irin Moss da Rimmer Bros da kusan komai suna sayarwa sabo, Burlen kuma har yau suna yin kayan kafireton SU, kai har gangar jikin motar sabuwa British Motor Heritage suna bugawa. Wani ɗan uwa da ke karatu can shi ya riƙa haɗo min in an samu mai zuwa. Kafin kayi oda ka karanta lambar injin a jikin bulok, domin na farko zuwa 1964 metal uku ke riƙe karanshaf, daga nan suka koma biyar, kayansu ba ɗaya bane.

Oga, da ka jefa mata injin Toyota na Beljiyom ai da tuni ka huta, kuma ya fi araha.

Na sani, kusan kowa haka yace min, kuma ban ga laifin wanda ya yi hakan don neman abinci da motarsa ba. Amma wannan ba don haya na tada ta ba. In ka cire injin nan ka yanka wajen zama ka canza giyabos ka yanke waya, abinda ya rage fanko ne mai bajon MG, ƙarar ta tafi, darajar ta tafi, hannun Baffa da ya taɓa ƙarfen nan shi ma ya tafi. Kuma injin ba mai rauni bane, ƙarfen zubi ne tun daga bulok har tof, danginsa ne ke cikin Morris Oxford da Austin Cambridge da suka sha hanyoyin da ba kwalta. Baba yana cewa da tsohuwar zuma ake magani, ni kuma na yarda da shi.

Wajen haɗawa me ya fi wahala?

Ƙura. Ba noti ba, ba awo ba, ƙura. Mun gama karɓo bulok a Disamba hunturu ya sauka, ka goge ƙarfe ka juya ka ɗauko sufana ka dawo ka tarar ya yi fari. Ƙurar nan yashi ce, in ta shiga tsakanin metal da karanshaf kamar ka sa samfefa ne. Dole na kwashe kayan wani ɗaki na shimfiɗa leda, na toshe taga, muna yayyafa ruwa a ƙasa kafin mu fara, in mun tashi mu sa injin cikin babbar leda mu ɗaure. Bulok ɗin da ya dawo daga borin kuwa fetur baya wanke shi, sai ruwan zafi da omo da buroshi, kana goge bango da farin ƙyalle har ya daina baƙi, ka busar nan take ka shafa mai. Hanyoyin mai duk a zura musu ƙaramin buroshi. Marafan ruwa na gefen bulok a fasa su a sa sababbi, a nan ne muka kwashe laka da tsatsa kusan cikin gwangwanin madara biyu, yawanci a bayan silinda ta 4, kaga dalilin zafin 1994 kenan tun asali.

Sai awo. Kowane ringi ka sa shi cikin silindarsa ka auna tazarar bakinsa, inci 0.012 zuwa 0.017, in ya matse a ɗan goga da fayil, in ba haka ba yana zafi zai kumbura ya karye. Bakunan ringi kar su hau layi ɗaya. Kowane metal a shafa masa mai kafin a rufe, kana ɗaure marfi ɗaya ka juya karanshaf da hannu, in ya yi tauri tsaya ka nemi dalili kar kace zai saki. Manyan marafan da ke riƙe karanshaf 70 lb ft ake ɗaure su, notin tof guda 11 kuma 45 zuwa 50, daga tsakiya ake farawa ana zagayawa waje, a hawa uku ba lokaci ɗaya ba. Ɗaurin "ya ji" da bututu a kan sufana shi ke bauɗe tof.

Akwai tarko guda biyu da littafi da Baba suka tsallakar da ni. Cikin kwalin gasket zaka ga na famfon mai iri biyu masu kama da juna, ɗaya na mai metal uku ɗaya na mai biyar, in ka sa wanda ba shi ba mai bazai hau ba sam, sai ka sake kwance ƙasa. Ka ɗora shi kan famfon ka ga ramuka sun hau. Na biyu sandar da ke juya distiributa tana iya shiga a juye, komai ya yi daidai a ido amma wuta tana zuwa a lokacin da ba nata ba.

Setin bawul kuma akwai dabara mai daɗi, lissafin tara. In bawul na 8 ya buɗe gaba ɗaya ka saita na 1, in na 6 ne ka saita na 3, kullum su haɗu su bada 9. Tazara inci 0.015, wato milimita 0.38, inji a sanyi.

Kafireto biyun nan basa rikici? Wani yace in mayar da guda ɗaya.

Basa rikici in an fahimce su, matsalar yaran gareji na yanzu basu taɓa ganin irinsu ba sai su kama murɗe-murɗe. SU ba ta da tarin jet, fistin ne guda da allura, iska na ɗaga fistin allura na buɗe hanyar mai. Ka wanke, ka ɗaga fistin da yatsa ka saki, ya sauka da kansa kaji ƙas. A saman kowace akwai ɗan marfi da ake zuba bakin mai kaɗan, in ya bushe mota tana shaƙewa in ka taka totur. Kar a goge cikin kwanon da samfefa, kar kuma a musanya kwanon wannan da na waccan. Daidaita su da guntun tiyo ake yi, ka kara a kunne kaji shan iskar kowace har su zo ɗaya. Famfon fetur ɗinta na lantarki ne yana baya kusa da batir, kana buɗe makulli zakaji tik tik tik, matsinsa bai wuce 3 psi ba, in ka sa na motar zamani zai yi ambaliya a kan salansa mai zafi.

Ranar da ta tashi ya akayi?

Wata Asabar da hantsi. Mun cika mai da ruwa, fulogi a cire, muka yi ta juyawa da kika har allurar mai ta motsa, wlh sakan ashirin ɗin nan sun min tsawo. Sannan muka mayar da fulogi, waya bisa tsarin wuta 1-3-4-2, tamin digiri 10 kafin fistin ya kai ƙoli, fetur daga galan mai tsabta ba daga tanki ba, ga abin kashe gobara a gefe. Na yi bismillah na ja cok. Bugu na uku ta kama.

In ka sa sabon kamshaf kamar yadda muka yi kar ka bar ta a silo, ka riƙe ta wajen rpm 2000 zuwa 2500, wato juyin inji a minti ɗaya, har tsawon minti 20 don kamshaf ya samu mai ya zauna, ido kan allurar mai da ta zafi, wani kuma yana leƙen ƙasa ko akwai yoyo. Mai ya tsaya wajen 60 zuwa 70 psi. Hayaƙi zai tashi daga fenti da man da ke jikin salansa, wannan ba komai. Inna tana cikin gida ta fito ba ko takalmi, ta tsaya bakin rumfa ta rufe baki da mayafi, tace ƙarar da take ji kenan in Malam ya shawo kwanar layi. Baba ma sai da ya juya baya ya share ido.

Zafin Bauchi fa? An ce in cire tamostat.

Kar ka cire. Akwai mai buɗewa a digiri 74 da aka yi don ƙasashe masu zafi, shi zaka sa maimakon na 82. In mota tana zafi a Maris da Afrilu laifin lagireto ne da ya toshe, ko laka a bulok, ko tamin da ya yi baya. Mun kai lagireto an canza masa ciki, sabon famfon ruwa, sababbin tiyo. Kuma a daina zuba ruwan rijiya zalla, a sa ruwan kulan mai hana tsatsa.

Wane bakin mai?

20W-50, kusan lita 4 da rabi, daga wajen da ka yarda da shi ba na bakin titi a jarka ba. Sirirran mai na motocin zamani basu dace da shi ba. A zubar da na farko bayan kilomita 800, a canza filta, a sake ɗaure tof a sake setin bawul. Tsohon man kuma kar a zuba a kwata.

Nawa ka kashe gaba ɗaya?

Lambar ba zata amfane ka ba don kaya da fam ɗin Ingila ake saye, canji kuma ya motsa sosai a tsakiyar aikin. Abinda zan ce, fistin da kamshaf da kuɗin kawowa su suka fi cin kuɗi, aikin masu borin bai kai rabinsu ba. Duk abinda ka lissafa ka ƙara rabinsa a kai. Ni kaɗan kaɗan na yi daga albashi, ban ci bashi ba ban taɓa kuɗin cefane ba.

Sitiyarinta a dama yake, zaka iya hawa titi da ita?

A dama yake domin lokacin da ta shigo a hagu ake tuƙi a ƙasar nan, sai ranar 2 ga Afrilu 1972 aka koma dama. Dokar hanya ta yanzu bata amince da mai sitiyari a dama ba, saboda haka magana ce ta VIO da FRSC kafin a fita. Sauƙin da aka samu jikin MGB an yi shi ya karɓi kowane gefe tunda yawancinsu Amurka aka kai, ana samun rak da dashbod da feda na hagu, shi nake tarawa yanzu.

Kuma ko ba wannan, tashin inji ba shi ne hawa titi ba. Birkinta layi ɗaya ne, in tiyo guda ya fashe duka ƙafa huɗu sun tafi, man birki kuma yana shan ruwa ya cinye bututu ta ciki. Duk robobi da tiyo da bututu sabo za a sa. Tayoyin 1994 ko da zanensu bai goge ba sun mutu. Batir ɗinta ma guda biyu ne masu bolt 6 a bayan kujera, na mayar da guda ɗaya mai 12.

Alhaji wani yana so, zaka sayar?

A'a, a bashi haƙuri. Na yi wa Inna alkawari in birki da sitiyari da takardu sun kammala ita zan fara ɗauka, mu bi hanyar dam ɗin Gubi da yamma a hankali, kada in wuce rpm 3000 tunda injin bai gama zama ba. Yanzu dai duk Asabar ina tada ta ta yi zafi sosai kafin in kashe, kuma masta silindar birki tana kan tebur a kwance, robobinta nake jira su iso.